Windows 7 Starter a Kan Tsohuwar Netbuk: Abin da Ke Gyaruwa da Wanda Sai Haƙuri

Windows 7 Starter ita ce mafi arha a cikin nau'o'in Windows 7 da kamfanin Microsoft ya fitar a watan Oktoban 2009. Ba a sayar da ita a kwali, sai dai ta zo a cikin ƙananan laftof masu allon inci 10 da ake kira netbuk. An yi wannan gwaji ne a kan irin da ya fi yawa a hannun mutane: furosesa Intel Atom N450 mai gudun 1.66GHz, RAM giga 1 na DDR2, faifan ajiya mai juyawa na giga 160, da allo mai 1024x600. Hukuncina tun daga farko shi ne, yawancin abin da ake zagin Starter a kansa ba shi ne ke hana kwamfutar gudu ba. Injin ne mai rauni, kuma can ya kamata wahalar mai gyara ta tafi.

Abin da aka yanke mata sananne ne. Nau'in bit 32 kaɗai gare ta, ba ta amfani da RAM fiye da giga 2, babu kwalliyar gilashi ta Aero, ba a canza hoton bango, ba ta shimfiɗa aiki a kan allo biyu, ba ta kunna fim ɗin DVD da kanta, kuma mutum biyu ba sa sauya asusu sai ɗaya ya fita gaba ɗaya. Tana iya shiga HomeGroup, wato rukunin raba fayiloli tsakanin kwamfutocin gida, da wata kwamfuta ta buɗe, amma ita ba ta buɗewa. Akwai kuma wata magana da ta ƙi mutuwa, wai manhaja uku kacal take buɗewa a lokaci guda. Wannan ƙa'idar Windows XP Starter ce, wadda aka fara fitarwa a Tailan a 2004. An yi niyyar ɗora ta a kan Windows 7 Starter, sai Microsoft ya janye kafin fitowarta. Buɗe goma ma idan RAM zai ɗauka. Ba zai ɗauka ba, shi ne matsalar.

Don haka RAM ne aikin farko. Da giga 1, Windows ita kaɗai tana cinye kusan rabi kafin ka taɓa komai, kana buɗe burauza sai ta koma rubuta ragowar a faifai, fitilar faifan ta tsaya cak a kunne, kwamfutar ta riƙa tafiyar hawainiya. Yawancin netbuk ramin RAM ɗaya ne da su, wato cire na giga 1 za ka yi ka sa na giga 2, ba ƙari ba ne. Furosesa Atom N270 da N450 suna cin RAM irin DDR2 na laftof mai fil 200, PC2-5300 ko PC2-6400. N455 da N570 galibi DDR3 mai fil 204 ake haɗa su da shi, kuma tsagar jikinsu ba wuri ɗaya take ba, kada a tura da ƙarfi. A cire caja da batir tukuna, a shigar da shi a karkace, a danna har maƙallan gefe biyu su kama. Idan aka kunna allo ya tsaya baƙi, kusan kullum bai zauna daidai ba ne. Masu cewa a ɗaga ta zuwa Home Premium don a samu ƙarin RAM ɓata kuɗi suke koyarwa, domin shi kansa N450 iyakarsa giga 2.

Na biyu, musanya faifan ajiya mai juyawa da SSD, wato ma'ajiya marar juyawa, mai inci 2.5 na SATA. Ko mafi arha na giga 120 ya wadatar, tunda mahaɗar SATA ta waɗannan injina tsohuwa ce, ba za ta iya cin saurin mai tsada ba. Wannan canjin ne aka fi ji a jiki: tashi, buɗe folda, buɗe manhajar rubutu, duk sun daina jan ƙafa. Inda ake faɗawa rami shi ne saitin AHCI, wato sabon yanayin da kwamfuta ke magana da faifai, maimakon tsohon yanayin IDE. Idan BIOS ɗin, wato allon saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi, yana da zaɓin, a mayar da shi AHCI kafin a sa Windows. Wanda ya riga ya sa ta a yanayin IDE sannan ya canza, shuɗin allo mai lamba 0x0000007B zai tarbe shi, saboda direban AHCI, wato manhajar da ke tuƙa shi, a kashe yake lokacin tashi. Maganinsa, a mayar da IDE, a shiga regedit, wato manhajar gyara rajistar saitunan Windows, a je HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\services\msahci, a mayar da Start zuwa 0, a kashe, sannan a canza BIOS. Bayan haka a rubuta fsutil behavior query DisableDeleteNotify a cmd, tagar rubuta umarni. Idan amsar ta zo 0, TRIM, wanda ke taimaka wa SSD share abin da aka goge, a kunne yake. Umarnin powercfg -h off kuma yana goge fayil ɗin hiberfil.sys ya dawo da wuri, ga wanda ba ya bukatar kwamfutar ta yi dogon barci.

Wajen sa ta sabuwa fil, ba sai an wahala neman faifan Starter na musamman ba. Faifan Windows 7 na bit 32 yana ɗauke da nau'o'i biyar a ciki, wani ɗan fayil mai suna ei.cfg a foldar sources ne ke ɓoye sauran. A kwafe faifan zuwa filashi na giga 4 ko fiye, da tsohon tsarin raba faifai na MBR, a goge ei.cfg, sai jerin zaɓi ya fito har da Starter. Lambar lasisi tana kan sitika a ƙarƙashin netbuk ɗin, wani lokaci a cikin gidan batir. A ɗauki hotonta tun yanzu, don rubutun sitikar gogewa yake yi. Kuma kafin a share tsohuwar Windows a adana direban waya-fai da na allo a filashi, in ba haka ba za ka zauna da kwamfutar da ke bukatar intanet don ta samu abin da zai kai ta intanet.

Sabuntawa ce ta fi cin rai, kuma nan ne na fi ganin ana ɓata kwana guda a banza. Sabuwar Windows 7 idan aka bar ta ta nemi sabuntawa da kanta, ko dai ta jefo kuskure 80072EFE, ko ta yi ta nema awa da awanni, svchost.exe, wani aikin Windows na bayan fage, ya riƙe furosesa ya cinye RAM. A kan Atom mai ƙwaya ɗaya wannan kamar an ɗaure ta da igiya ne. Dalili shi ne manhajar neman sabuntawar da ta zo da ita ta tsufa ƙwarai. Hanyar da ta yi aiki: a saita Windows Update kada ta nemi komai, a cire intanet, a sauke fayilolin a wata kwamfuta daga Microsoft Update Catalog, a tabbatar duka na x86 ne, wato na bit 32. Idan babu Service Pack 1 na 2011, wato KB976932, shi ne farko. Sai KB3020369, don ba tare da shi ba na gaba zai ce bai dace da kwamfutarka ba. Sai KB3125574, babban ƙunshin da ya tattara gyare-gyare har zuwa Afrilun 2016, wanda a kan Atom sai ka sa shi ka tashi ka yi wata hidima. Sai KB3172605 da ke magance dogon nema. Sannan KB4490628 da KB4474419, waɗanda suka koya wa Windows 7 gane SHA-2, sabon sa hannun da ke tabbatar da sahihancin fayil. Idan babu su, sabuntawar da ta fito daga 2019 da wasu direbobi ba za su shiga ba. Idan wani fayil ya maƙale yana neman abin da ke kwamfutar, a rubuta net stop wuauserv a cmd sannan a sake buɗe fayil ɗin. A riƙa sake kunna kwamfutar duk lokacin da ta nema, kada a tara.

Yanzu hoton bango, abin da ya fi komai jawo wa Starter baƙin jini. Hoton da ta zo da shi yana C:\Windows\Web\Wallpaper\Windows\img0.jpg, kuma musanya shi da wani mai suna ɗaya ba ya aiki, domin Windows tana duba ko shi ne na asali, sai ka ƙare da baƙin bango. Akwai ƙaramar manhaja mai suna Oceanis Change Background da ke yin aikin, sai dai tana zama a kunne a bayan fage, a injin da kowane mega ke da daraja. Hanyar rajista ta fi tsabta. A je HKEY_CURRENT_USER\Control Panel\Desktop, a fara adana kwafin wannan mabuɗi, a rubuta cikakkiyar hanyar hotonka a Wallpaper, sannan a shiga izinin mabuɗin a cire izinin da ya gāda daga mabuɗin da ke samansa, a bar izinin karantawa kaɗai, ta yadda Windows ba za ta iya mayar da nata ba idan an sake shiga. Yana aiki, amma da kuɗinsa: duk wani saiti da ke zaune a wannan mabuɗi ya daskare har sai ka dawo da izinin. Abin dariya, sabuntawar ƙarshe ta Janairun 2020, KB4534310, ta zo da cutar mayar da bango baƙi ga wanda ya zaɓi a miƙe hoto ya cika allo, har sai da aka fitar da KB4539602 bayan an riga an yi wa Windows 7 sallama. Duk da haka, a allon inci 10 da taga ɗaya ke rufe shi baki ɗaya, hoton bango ba ya cikin abin da zan sa a gaba.

Wanda ya fi shi amfani shi ne tsayin allo. Tsayin 600 ya yi kaɗan, wasu tagogin saiti maɓallin OK ɗinsu yana faɗawa ƙasa inda ba a gani, wasu manhajoji ma sun ƙi buɗewa sai da 768. A regedit a nemo Display1_DownScalingSupported, a mayar da shi daga 0 zuwa 1 a duk inda ya fito, a sake kunnawa. Zaɓin 1024x768 da 1152x864 zai bayyana. Matse hoton ake yi, don haka rubutu zai ɗan dushe, da'ira ta koma kamar ƙwai. A yi amfani da shi a wuce tagar da ta maƙale, a dawo 600. Sai da direban Intel na gaske yake aiki, ba na wucin gadin da Windows ke sakawa ba.

A intanet ne duk dabara ke ƙarewa. Chrome ya tsaya a 109 ga Windows 7, Firefox kuma a 115 ESR. Firefox ya fi dacewa, saboda yana tafe da nasa takardun shaidar tsaro, bai dogara da tsofaffin na Windows ba, waɗanda suka sa shafuka da yawa suka fara kukan rashin tsaro tun da wata babbar takardar shaida ta ƙare a 30 ga Satumban 2021. Shafi biyu ko uku tare da abin toshe talla, ana lallaɓawa. Bidiyo kuwa, sashen hoto GMA 3150 da ke cikin N450 ba ya taimaka wa furosesa wajen warware bidiyo irin H.264, shi ya sa YouTube sama da 360p sai tsalle-tsalle. Fayil ɗin bidiyo da aka sauke ya fi tafiya a VLC, wanda kuma ya toshe giɓin DVD idan an jona na'urar faifai ta USB.

Tallafin tsaro ya ƙare tun 14 ga Janairun 2020, kuma babu saitin da zai dawo da shi. Ban yarda a shiga asusun banki ko babban imel da ita ba. Inda take da daɗin sha'ani shi ne aikin da ba ya son intanet: rubutu da tsohuwar Office 2007 ko 2010, karanta PDF, tuƙa tsohuwar firinta ko sikana da direbanta bai wuce Windows 7 ba, da manhajojin saita na'urori masu neman tsohuwar Windows ta bit 32. Idan dole ta hau layi ɗaya da wasu kwamfutoci, a tabbatar gyaran MS17-010 na Maris 2017 ya shiga, shi ne ya toshe ƙofar da muguwar manhajar WannaCry ta bi, kuma a yi aikin yau da kullum da asusun da ba na mai cikakken iko ba.