Daraktan da na ɗauka masinja ne

Da ɗiyata ta ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, sai ta ce ita aikin jinya take so. Na kai ta wata makarantar koyon aikin lafiya mai zaman kanta a nan Maradi, karatun lisans na shekara 3. Ga abin da na gani a ofishin rajistarsu.

Tun ƙarfe bakwai muka hau kabu-kabu daga Bagalam, amma muka tarar da layi har bakin ƙofa, wasu daga Tasawa, wasu daga Madarunfa, kowa riƙe da ambulan. Wani dattijo mai farar riga yana jawo benci zuwa gindin dogonyaro don mata su zauna. Na miƙa masa takarduna na ce, "Malam, taimaka ka shigar mini da su wurin darakta." Ya karɓa, ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Alhaji, takardar haihuwar ba a buga mata hatimin magajin gari ba. Je ka dawo, layinka na nan." Sai da sakatariya ta leƙo ta kira shi Mushe Darakta na gane. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ashe haka yake duk makon rajista: yana kulle ofishinsa mai sanyi, ya fito da tebur tsakar gida. A gabana wata yarinya marainiya ta ce kuɗinta ba su cika ba. Bai yi mata wa'azi ba, ya raba mata biyan kashi uku, ya sa hannu, ya kira na gaba. Malamai na cewa shugaban jama'a hadiminsu ne. Ni dai ranar na ga mai ɗaukar benci.

Sai dai akwai gyara. Bayan wata biyu na koma, don an rubuta sunan ɗiyata ba daidai ba a katin ɗalibi. Darakta ya tafi Yamai. Kwana huɗu ina zarya, kullum "sai gobe", ko kuma wuta ta ɗauke. Taga guda ce ga ɗalibai duka, kuma mai zama bayanta ba ta ɗaga kai in kana magana. Halin mutumin bai sauko zuwa ga ma'aikatansa ba tukuna. Ranar da ya dawo, kafin azahar kati ya fito.

In za ku je, ku tafi da hoto huɗu da kwafin komai, kuma ku tambayi mai gadi ko darakta yana gari.