Katamaran ko mai jiki ɗaya, wanne ya fi daɗin tsallaka Atlantika?

Ana ta tambayata wanne za a hau cikin jiragen ruwan nan masu tafiya da iska, katamaran (wato mai jiki biyu a haɗe) ko mai jiki ɗaya, to ga yadda nake gani. Daga Las Palmas a tsibiran Canary na ƙasar Sifen zuwa tsibirin Saint Lucia a yankin Karibiyan kusan mil 2,700 ne na teku, sati biyu zuwa uku ba ka ganin ƙasa.

Mai jiki ɗaya a karkace yake tafiya, murhun ma lilo yake don kar tukunya ta kife, barci kuwa sai ka ɗaura ƙyalle a gefen gado in ba haka ba ka farka a ƙasa. Katamaran jikinsa biyu, zaune yake daram, ka ajiye kofin shayi ya tsaya, sai dai igiyar ruwa na dukan ƙasansa kamar ganga cikin dare, kuma tsada wallahi, har kuɗin wurin ɗaure shi ya fi.

Wajen haɗari fa, mai jiki ɗaya in ya kife nauyin ƙarfen ƙasansa kan miƙar da shi, katamaran da wuya ya kife amma in ya kife shikenan a haka zai zauna.

Mai iyali da kuɗi, ko mai saurin amai, katamaran. Mai ƙaramin aljihu da ya iya jure jijjiga, mai jiki ɗaya ya ishe shi.