Hayar shago a cibiyar unguwarmu a Jos: inda tsarin ya yi kyau da inda ya rage

Abokan sana'a suna yawan tambayata ko su kama shago a cibiyar da nake ɗinki. Ina ce musu su kama, amma su karanta takardar yarjejeniya layi-layi kafin su sa hannu.

Ginin na ƙaramar hukuma ne: shaguna a ƙasa, zauren taro a sama, sai ɗakin koyon kwamfuta a gefe. Abin da ya sa nake yabon wurin shi ne yadda aka raba kuɗi gida biyu. Haya ta banki ake biya, a ba ka rasit, babu mai zagayowa da jaka yana karɓar tsaba. Kuɗin hidima kuwa kwamitin 'yan haya ne ke riƙe da shi, da shi ake biyan mai gadi da mai shara, a gyara famfon burtsatse, a sayi man janareta. Ƙarshen kowane wata Malam Sakatare yana liƙa lissafi a bakin ƙofa, har kuɗin tsintsiya yana ciki.

Rabon wuta ne ya fi burge ni. Da can kowa daidai yake biya, mai firji uku da mai sayar da zare. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, gardama ta yi zafi, sai kwamiti ya sa wa kowane shago ƙaramar mita. Ni mai dutsen guga da keke biyu na lantarki kuɗina ya ƙaru, kuma na yarda, don ni na sha wutar.

Matsalar tana sama. Asabar da Lahadi zaure ba ya zama haka nan: walima, saukar karatu, taron mata na coci, liyafar biki. Kuɗin hayar zauren duk asusun hukuma yake tafiya, amma ruwan da baƙi suka ƙarar da banɗakin da suka toshe a kanmu yake faɗawa ranar Litinin. Ya kamata a ware wani kaso na kuɗin nan a rubuce don gyara. Rufin bene yana yoyo, kuma kowa ya san damunar Jos, ga iska ga ƙanƙara. Babu ajiyar da aka tanada don babban aiki irin wannan, babu inshorar gobara. Wannan na ƙarshe yana hana ni barci. Duk wanda ya ga kasuwar Taminus, babbar kasuwar Jos, bayan gobarar Fabrairun 2002, ya ga manyan 'yan kasuwa sun koma kasa kaya a bakin titin Ahmadu Bello, ba zai ɗauki maganar da wasa ba. Tunda Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ina ganin lokaci ya yi da ginin nan zai sami layinsa a kasafin shekara.

Yarjejeniyar shekara ɗaya ce kawai, ba ta faɗi iyakar ƙarin haya ba, shi ya sa ba wanda ke son kashe kuɗi a kan tayil ko silin. Ka nemi a rubuta maka wa'adin sanarwa kafin ƙari, ka kuma guji shagunan da ke ƙarƙashin matakala, nan ruwan yake taruwa.