Na gama karanta Carrie, ga abin da na gani

Jama'a daren jiya na ƙarasa Carrie na Stephen King, kuma wallahi sai da na bar fitila a kunne kafin barci ya ɗauke ni. Shi ne littafinsa na farko da aka buga, a 1974, kuma ashe shafukan farko ma a kwandon shara ya watsa su, matarsa Tabitha ce ta tsamo su ta ce ya daure ya ƙarasa. Ba shi da kauri, kwana biyu na yi na cinye shi.

Labarin wata yarinya ne Carrie White, ƴar shekara 16 a wani ɗan gari Chamberlain a jihar Maine ta Amurka. A makaranta ita ce abin tsokanar kowa, a gida kuma uwarta Margaret tsananin addininta ya kai ga taɓin hankali, laifi kaɗan sai ta kulle ta a wani ɗan ƙuntataccen ɗaki wai ta yi ta addu'a. Ranar da ta fara ganin al'ada a banɗakin makaranta ba ta ma san mene ne ba, ta ɗauka mutuwa za ta yi, ƴan ajinsu kuma maimakon su rufa mata asiri sai suka zagaye ta suna ihu suna jifanta, can sai ƙwan fitilar da ke sama ya fashe tas. Daga nan ta gane tana iya motsa abu da zuciyarta ba tare da ta taɓa shi ba.

Ni dai ba wannan baiwar ce ta tsorata ni ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda ta zauna ta ɗinka rigar bikin rawar makaranta da hannunta, tana ta murna yau an ɗauke ta mutum, kai kuma mai karatu ka riga ka san ƴar ajinsu Chris Hargensen da saurayinta Billy sun ɗora bokitin jinin alade a saman dandamali suna jiranta. Sue Snell ma, ɗaya daga cikin masu jifan nan, da ta so wanke laifinta ta sa saurayinta Tommy ya raka Carrie, niyya mai kyau ce ta kai yarinyar inda aka ɗana mata tarko. Abin da ya biyo baya ba zan faɗa ba, amma garin bai ji da daɗi ba.

Inda ya ɗan gundure ni shi ne guntayen rahoton jarida da bayanan kwamitin bincike da ake ta cusawa tsakiyar labari, ana cikin tashin hankali sai a katse ka da dogon turanci kan wai abin gado ne a jini, haba! Wasu wuraren tsallakewa na yi, duk da dai su ne ke sa ka san bala'i na tafe tun daga farko.

Kar a ga jarumar yarinya ce a miƙa wa ƙananan yara, akwai ashar da zubar da jini sosai. Fim ɗin 1976 da Sissy Spacek ta fito shi zan nema yanzu, amma da rana zan kalla.