Ceni ya tsinke ya fasa kwanon inji: gam, walda ko sauyi?

Idan ceni ya tsinke kana cikin gudu, sa'arka ita ce ya zube a kan titi. Rashin sa'a kuwa shi ne ya naɗe a ƙaramin sufuroket na gaba, ya daki kwanon inji, wato gidan nan mai ɓangare biyu da ke riƙe kayan cikin inji da mai, ta ɓangaren hagu, baƙin mai ya fara tsiyaya. Abu na farko, kashe babur ɗin nan take. Ƙananan babura irin Bajaj Boxer, Jincheng da Haojue man da suke ɗauka bai wuce kusan lita 1 ba, kuma ba ya daɗewa yake ƙarewa. Wanda ya ce bari ya haɗa cenin ya lallaɓa zuwa gida, sau da yawa inji gaba ɗaya yake ƙonawa.

Kafin ka yi cinikin komai, a wanke wurin da fetur, a cire murfin sufuroket, ka duba da idonka. Wani lokaci murfin ne kawai ya fashe, shi kuwa ba ya riƙe mai, sayen wani ba shi da tsada. Idan kwanon ne da kansa, wurin da tsagewar ta bi shi zai faɗa maka gyaran da ya dace, ba abin da ke aljihunka ba.

Gam mai haɗi biyu, irin Araldite ko J-B Weld, shi ne mafi araha, kuma mutane suna raina shi fiye da kima. Idan tsaga ce siririya a bangon da ba ya ɗaukar nauyi, nesa da boris da ramin noti, yana iya riƙewa na dogon lokaci. Amma sai an bi shi yadda yake so. A juye man duka, a kwantar da babur ta yadda ragowar ba zai gangaro wurin ba, a huda ɗan ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a kankare da sanfefa har ƙarfen ya yi fari. Maiƙo ko kaɗan ne ya rage, gam ba zai kama ba. Ka zaɓi mai bushewa a hankali, ka ba shi awa 24. Mai kamawa cikin minti 4 ko 5 bai kai shi ƙarfi ba, bai kai shi jure zafi ba. Na san ɗan acaɓa ba ya son asarar yini guda, amma a nan gaggawa ce take ɓata aikin.

Walda ita ce inda aka fi cutuwa. Kwanon inji zubin alminiyam ne, yana narkewa kafin zafi ya kai digiri 660, alhali ɓawon da ke samansa sai ya haura 2,000. Ga shi kuma ya sha mai shekara da shekaru, da wuta ta taɓa shi sai man ya taso ya bar ƙananan huji a cikin waldar. Saboda haka mai waldar ƙofa da taga ba nasa ba ne. Nemi mai waldar agon, wato waldar da ake yi da iskar gas ta agon, wanda ya saba da alminiyam, irin waɗanda ake samu a Panteka ta Kaduna da manyan garejin Kano, ka ce ya nuna maka aikin da ya taɓa yi. Idan ya ce zai yi ba tare da an sauke inji an raba shi ba, ka ɗauki kayanka. Zafi yana ƙona sil da gasket, yana kuma iya karkatar da fuskar da ɓangarorin biyu suke haɗuwa. Lissafinka ya haɗa da kuɗin bakanike, gasket, sil da sabon mai, ba kuɗin walda kaɗai ba.

Idan kuwa tsagar ta shiga gidan boris ɗin da sandar sufuroket ke juyawa a ciki, ko wani yanki ya ɓalle, ni dai shawarata a sauya kwanon. Wurin nan shi yake ɗaukar duk jan ceni, da ya ɗan goce sai giya ta fara tsalle, sil ya riƙa zubar da mai. Na hannu na asali wanda bai taɓa ganin wuta ba ya fi mini sabo marar suna. Duba ramukan noti ko sun cinye, ka shafa cikinsa ko akwai tabon walda da aka rufe da fenti. In da hali, sayi hagu da dama tare, don tare aka gyara fuskarsu a kamfani. Sannan lambar inji galibi a jikin kwanon take. Karɓi rasit mai ɗauke da lambar, ka ajiye tsohon kwanonka, ka je a daidaita takardu, don kada a kama ka da kayan sata a shingen hanya.

Duk wanda ka zaɓa, kada ka mayar da tsohon ceni. Sayi ceni da sufuroket na gaba da na baya lokaci guda, domin haƙoran da suka cinye suna lalata sabon ceni da wuri. A bar masa sassauci na santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, kuma rufaffen bakin makullinsa, wato ɗan ƙarfen da ke kulle mahaɗar cenin, ya fuskanci inda cenin yake tafiya.