Injin ƙirga kuɗi, fitilar UV da biron gwaji: wanne ne ke kama jabu da gaske?

Masu POS, 'yan canji da dillalan hatsi a Kaduna yanzu kusan kowa na son ajiye abin gwada kuɗi a kan teburinsa. Kayan da aka fi samu a shagunan lantarki na titin Ahmadu Bello da kewayen Kasuwar Sheikh Gumi iri uku ne, mafi yawansu ƙirar Sin: injin ƙirga mai rubutun UV/MG a jikin kwalinsa (wato yana gwaji da haske da kuma maganaɗisu), ƙaramar fitilar UV mai hasken da ke fito da ɓoyayyun alamomin kuɗi, da biron da ake ja a jikin takarda. Ba darajarsu ɗaya ba.

A fara da biron, domin shi ne mafi araha kuma mafi yaudara. Ruwan da ke cikinsa aidin ne. Takardar rubutu ta gama-gari tana ɗauke da sitaci, shi ya sa layin ke yin baƙi a kanta. Takardar kuɗi kuwa ta auduga ce, sai layin ya tsaya ruwan ɗorawa. Iyakar iliminsa ke nan. Ba ya karanta hoto, ba ya ganin zare. Jabun da aka buga a takarda marar sitaci zai wuce shi salin alin, kuma ba shi da abin cewa a kan naira 5, 10, 20 da 50 tunda na leda ne. Idan aka bar shi ba murfi a lokacin hunturu, nan da nan yake bushewa.

Fitilar UV ta fi shi nesa ba kusa ba, amma a duba lambar da ke jikinta, mai nuna irin haskenta. Mai 365nm ita ce ta aiki. Mai 395nm, wadda ta cika kasuwa, haskenta shuɗi ne mai ƙarfi da ke rufe alamomin da ake nema, sai mutum ya ɗauka kuɗin ne ba su da kyau. A ƙarƙashin fitila mai kyau, lambar siriyal ta naira, wadda baƙa ce a ido, takan koma kore, ita kuma takardar ta zauna a dushe. Takardar fotokwafi ce ke walƙiya fari fat, saboda sinadarin ƙara fari da ake zuba mata a masana'anta. Sai dai a sani, dubu ɗaya ta gaske da aka manta a aljihu aka wanke da Omo ita ma za ta yi wannan walƙiyar. A rumfar da rana ke dukan tebur kuma fitilar ba ta nuna komai, sai an kare da hannu ko an sa ta cikin aljihun tebur.

Injin ƙirga shi ne mai cin kuɗi, kuma a nan ake yawan cizon yatsa. Wajen ƙirga ba shi da laifi: yawancinsu kan ja wajen takarda dubu a minti guda, bandir ɗin ɗari kafin ka ɗaga kai ya gama. Gano jabu ne ke da magana. Idon UV ɗinsa walƙiyar takarda kawai yake aunawa, na MG kuma tawada mai maganaɗisu yake nema, kuma da yawa an saita su ne a kan dala ko yuwan, ba naira ba. Sakamakon haka, ko ya riƙa tsayawa yana ƙara a kan kuɗi lafiyayyu, ko mai shago ya gaji ya kashe MG ɗin ɗungurungum, ya koma ƙirga zalla. Tun da aka fito da sababbin 200, 500 da 1000 a Disambar 2022, tsofaffin kuma aka bar su suna yawo, injin da bai san fasali biyun ba wahala ce kawai. Kada a biya sai an zuba masa tsoho da sabo a gaban mai sayarwa, a cusa farar takarda da aka yanka daidai girman kuɗi a tsakiyar bandir a ga ko zai tsaya.

Kuɗin kasuwa ma ba irin na banki ba ne. Wanda ya sha gumi da manja yakan manne biyu-biyu, injin ya ƙirga 98 a maimakon 100. A warware bandir, a cire mai salatif da mai naɗaɗɗen gefe, a daidaita dunƙulen da ke bayan injin mai saita kaurin takarda. Ƙurar hunturu kan rufe idanunsa, don haka a share da burushi mai laushi a kai a kai, a rufe shi idan an tashi. Robobin da ke jan takarda su ne ke fara cinyewa. A tambaya ko akwai na canji kafin a saya. Mai batir a ciki ya fi dacewa da yanayin wutarmu.

Duk da haka hannu da ido ne alƙalai. Hoton Ahmadu Bello a 200, na Azikiwe a 500, na Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong a 1000, duk suna da kaushi idan aka shafa da yatsa, abin da firinta ba ta iya yi. A ɗaga takardar a haske: zaren da ake gani a yanke-yanke zai haɗe ya zama layi ɗaya, da ƙananan haruffan CBN a jikinsa, hoton ruwa kuma ya fito daga cikin takardar, ba a samanta ba.

Abin da masu sayar da injin ba sa faɗa shi ne hukuncin abin da ya kama. Sashe na 20 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya sa ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba ga mai buga jabun naira. Dokar jabun kuɗi ta musamman ta 1984 ta fi zafi, tana kaiwa har ɗaurin rai da rai, kuma ba ta tsaya ga mai bugawa ba: ta haɗa da mai ƙera ko ajiye kayan bugun, da mai riƙe da jabu ko kashe shi yana sane, ko da dala ce. Saboda haka wanda injinsa ya tsaya a kan takarda, ya tabbatar jabu ce, sannan ya cusa ta cikin canjin wani don kada ya yi asara, ya shiga laifin da ƙafarsa. A ware ta, a kai banki ko ofishin 'yan sanda ko na EFCC da ke nan Kaduna.

Masu shagunan ɗab'i su ma su kula da aikin “kuɗin liƙi” mai hoton amarya. Kwaikwayon girma da launin dubu ɗaya wasa ne da wuta, kuma fayil ɗin da ke cikin kwamfuta shaida ne. 

Mai ƙaramin POS fitilar 365nm ta ishe shi. Wanda ke karɓar bandir-bandir a rana ya ƙara da injin, ya ɗauke shi a matsayin mai ƙirga. Biron a bar wa mai shago kayansa.