Kamfas ko usur: wanne za a fara ba yaro mai son daji?

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai shekara 9 hankalinsa kullum yana kan shiga daji da hawan duwatsu, kina tambaya ko ki fara koya masa taswira da kamfas, ko kuwa abin da zai yi idan ya ɓata. Duka biyun zai buƙata, amma ni ina ganin na biyun ne ya kamata ya riga.

Taswira da kamfas aikinsu hana ɓata. Yaro ya san allurar kamfas arewa take nunawa, ya saba waiwayawa yana tafiya, domin dutsen da ya wuce zai sauya masa kama idan ya juyo. Ilimi ne mai daɗin koyo, yara kuma suna sonsa. Sai dai yana cin lokaci, kuma taswira tana amfanar wanda ya san inda yake tsaye a kanta ne. Idan ya rasa wannan, kamfas zai nuna masa arewa, amma ba zai gaya masa ta ina kike ba. A 2009 masu bincike na cibiyar Max Planck sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da manya a wani daji a Jamus: waɗanda suka yi tafiya ranar da gajimare ya rufe rana sun yi ta kewaye suna komawa kan sawunsu, alhali su a ganinsu miƙe suke tafiya. Manya ke nan, balle yaron da tsoro ya kama.

Ɗaya hanyar a yini ɗaya ake koyonta: da ka gane ka ɓata, tsaya. A 1981 wani yaro mai shekarun ɗanki ya ɓata a Dutsen Palomar da ke Kalifoniya a Amurka, aka yi kwana huɗu ana nema, da aka same shi sanyi ya riga ya kashe shi. Wasu daga cikin masu neman ne suka kafa shirin Hug-a-Tree, wato "rungumi bishiya", wanda ke koya wa yara su zaɓi bishiya ɗaya su zauna gindinta. Dalilin a fili yake. Masu ceto daga inda aka ga yaro na ƙarshe suke farawa, kuma idan nisan da ya yi ya ninka sau biyu, filin da za a bincika ya ninka sau huɗu.

Kayan wannan hanya ba su da yawa. Usur a rataye a wuya, domin murya takan dushe da ihu, ƙarar usur kuwa ta fi ta nisa. Busa uku a jere, a dakata, a sake. Sai gorar ruwa, da babbar leda mai launi da aka huda wa gurbin fuska, ya sa ta kamar riga idan ruwa ya sauko. Jiƙaƙƙun tufafi da iskar dare sun fi yunwa saurin illa. Ki nuna masa yadda ake sa ledar da kanki, fuska a waje ko da yaushe.

Akwai abin da ya fi damuna, wanda kamfas ba ya maganinsa: yara da suka ɓata sukan ɓuya daga masu nemansu, wasu don tsoron faɗa, wasu don an hana su kula baƙo. Ki gaya masa tun yanzu, ki kuma maimaita, cewa ba wanda zai dake shi don ya ɓata, kuma duk wanda ya ji yana kiran sunansa a daji ya amsa da ƙarfi. Wuta ko ambaliya ne kawai za su tashe shi daga inda ya zauna, shi ma ya matsa wuri mafi kusa da ba hatsari ya sake zama.

Idan wannan ya zauna masa, sai ki kawo kamfas ɗin, ku fara a wurin da kuka sani, shi a gaba yana ja, ke a bayansa.